Jingar gabas: mu yi gayya, ko mu tsaya sai gwamnati ta zo?

Sakatare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan sallar Juma'a dattawa sun zauna a ƙofar Bulama a kan maganar jingar gabas, wadda ke tare ruwan kogin Hadejia kada ya shigo gari. Duk wanda ya bi ta wajen kwanan nan ya ga halin da take ciki: ta zaizaye a wurare da dama, wajen mashayar shanu kuwa ta kusa komawa daidai da ƙasa. Shawarar da aka kawo ita ce a yi gayya Asabar biyu a jere kafin damina ta kankama, kowane gida ya ba da naira 2,000 na sayen buhu da man tifa, ya kuma turo majiyi ƙarfi guda. An ce in kawo maganar nan domin 'yan uwa na Kano da Abuja da Kudu su ji, su tofa albarkacin bakinsu. Bismillah.

Sarkin Samari:
Wa alaikumus salam. Mu samari a shirye muke, Allah ya kai mu.

Ɗan Fatakwal:
Malam Sakatare sannu da ƙoƙari. Amma ni wallahi abin nan ya fara isata. Kowace shekara talaka ne zai cire daga abin da zai ci ya sayi buhu, ya kwashi ƙasa da hannunsa, ruwa ya zo ya tafi da ita, baɗi a sake. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ya huta? Mutumin da ke neman kuɗin taki yanzu ne za a ce ya kawo dubu biyu? Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Akwai hukumar agajin gaggawa ta jiha, akwai ta tarayya, akwai ma'aikatar muhalli. Jinga aikin hukuma ce. Duk ranar da muka yi da kanmu, mun sauke musu nauyi ne, mun koya musu cewa garin nan ba ya buƙatar kowa. Ni shawarata a tara ƙarfin nan a rubuta takarda, a cika mota a tafi Dutse.

Mai Shago:
Gaskiya ɗan uwa ka faɗi abin da ke raina.

Baba Hedimasta:
Ɗana na Fatakwal, na karanta maganarka har ƙarshe, kuma ban ga ƙarya a cikinta ba. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba. Amma bari in tambaye ka: takardar da za mu kai Dutse a watan nan, ko da an karɓa da hannu biyu, wane kasafi za ta shiga? Na bana an riga an rufe shi. Shi kuwa ruwa watan Agusta da Satumba yake zuwa, ba ya duba takarda.

Ku yaran yanzu da yawanku kun taso kun tarar da kogin nan haka, kuna tsammanin haka Allah ya yi shi. Ba haka yake ba. Muna yara kogin Hadejia yakan kawo da damina, ya malala fadama, ya koma, da rani ya ƙafe har a taka yashi a haye. Aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Daga nan ruwa ya zama yana tafiya rani da damina. An samu alheri, noman rani da kuke gani daga Kadawa har Auyo daga nan ya fito, ba wanda zai musa. Amma tunda gindin kogi ya daina bushewa, kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama, yashi da laka suka taru, hanyar ruwa ta ƙuntace. Ruwan da a da zai wuce ya nufi Nguru da Gashuwa, yanzu sai ya tsaya yana neman inda ƙasa ta yi kwari. Garinmu kuwa a kwari yake.

Wannan gyara ya fi ƙarfin gayya, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Yashe kogi sai injin da ke tafiya a kan ruwa. Amma ƙofar gidanka da ruwa zai shigo cikin dare, wannan ba ta fi ƙarfinka ba. A 2020 da 2022 duk mun gani da idonmu. Mutane sun kwana a azuzuwan firamare, rumbuna sun zube, shinkafa ta nutse tana gab da yanka. A yi takarda, a yi gayya. Ɗaya ba ta hana ɗaya.

Ɗan Fatakwal:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban ƙi ta taka ba. Tsorona shi ne a yi gayyar, a gaji, a manta da takardar kamar kullum.

Sarkin Samari:
Tunda an buɗe magana, ni ma ina da tawa, kuma ina neman afuwar manya. Bara an tara kuɗi. Mu muka bi gida gida muka karɓo, mu mutane suka sani. Har yau ba a tara mu an ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita ba. Yanzu in na koma ƙofar wata tsohuwa na ce ta kawo dubu biyu, ta tambaye ni ina na bara, me zan ce mata? Ba na zargin kowa. Amma ba zan sake ɗaukar littafi ba sai an karanta na bara.

Ma'aji:
Subhanallah. Yau ni ake nufi da wannan a gaban jama'a? Shekara nawa ina riƙe da kuɗin masallaci da na maƙabarta, wa ya taɓa cewa kwabonsa ya yi ciwon kai? Littafi yana nan a shagona, duk mai so ya zo ya duba. Ba wanda ya zo.

Sarkin Samari:
Kawu, wallahi ba mutuncinka nake taɓawa ba. Kai ma ka sani yaro kamata ba zai iya shiga shagonka ya ce buɗe min littafi in gani ba. Kunya ba za ta bari ba. Shi ya sa nake cewa a karanta a fili.

Malam na Islamiyya:
Ku yi haƙuri ku biyun. Alhaji Ma'aji, yaron nan gata yake yi maka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda suka fi mu amana. Rubutu da shaida ba tuhuma ba ne, kariya ne ga mai riƙon amana kafin kowa. Ina ba da shawara ranar Juma'a mai zuwa bayan an sallame a karanta lissafin bara da lasifika, a ɗauki hoton shafukan a sa a nan. Na bana kuma mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko sisi.

Ma'aji:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Ba sai an jira Juma'a ba, yau da daddare zan ba Sakatare littafin ya ɗauka. Har da rasiɗin mai tifa yana ciki. Akwai ragowar buhuna ma a ɗakin ajiya na masallaci, sai dai a duba ko ɓera bai taɓa su ba.

Anti Nas:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na ga ana ta lissafin gida gida, ina so a tsaya a nan kaɗan. A unguwar yamma kaɗai akwai gidajen da mace ce ke riƙe da su, miji ya rasu ko ya tafi ci-rani ba labari. Ba su da namijin da za su turo, ba su da dubu biyu. In aka ce doka ce, ko dai su ci bashi ko su ɓuya in sun ji sallamar samari. A cire su, kuma a cire su a asirce, ba sai an kira sunansu a lasifika ba.

Na biyu, bara mata ne suka dafa abincin 'yan gayya, da hatsinsu da itacensu da mansu, amma da aka tashi godiya ba a ambace su ba, a kwamiti ma babu mace ko ɗaya. Alhali in ruwa ya shigo, mu ne ke kwana da yara a kafaɗa.

Na uku shi ne ya fi damuna, don ni nake ganin sakamakonsa a asibiti. Ramin da aka haƙa bara a bayan makaranta aka ɗebi ƙasa, yanzu ya zama kududdufi. Da damina yara a ciki suke wanka, sauro a ciki yake ƙyanƙyasa. Sannan in ruwa ya hau, masai da rijiya haɗewa suke yi, bayan kwana kaɗan sai amai da gudawa. Rijiyoyinmu biyu na tsakiyar gari bakinsu a ƙasa yake. In za a sayi buhu ɗari, a rage goma a sayi siminti a ɗaga bakin rijiyoyin nan a yi musu murfi. Jinga tana tare ruwan da ake gani, ciwon da ke biyo baya kuma ba ta tare shi.

Hajiya Uwar Adashi:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Mu matan adashi mun yi magana tun makon jiya. Kwasar wannan wata za mu ba da wani abu a kan rijiya, amma da hannunmu za mu sayi simintin mu kai wa magini.

Sakatare:
An rubuta, Hajiya. Anti, maganar mace a kwamiti zan kai wa Bulama yau.

Ɗan Takara:
Jama'a albishirinku, maigidana ya ji labarin wannan aiki kuma a shirye yake ya zo da kansa ranar gayya da tawagarsa, za a raba huluna da riguna ga matasa.

Sakatare:
Ɗan uwa, dokar zauren nan tun farko ba a tallar ɗan siyasa. Wanda ke son taimakawa ya aiko da buhu ko tifar ƙasa, za a karanta sunansa cikin masu bayarwa kamar kowa. Ranar gayya ba a zuwa da fosta. A garin nan akwai 'yan kowace jam'iyya, in aka rataya hoton mutum ɗaya a kan jinga rabin samari za su ajiye shebur su tafi.

Mai Shago:
Haka ne. Mun ga irinta a gyaran maƙabarta.

Ɗan Sarkin Ruwa:
Salamu alaikum. Baba ba ya rubutu, na karanta masa duk abin da aka faɗa, ga abin da ya ce in rubuta, kuma ya ce kada in rage komai.

Ya ce yana gaida Hedimasta, maganarsa ta kachala gaskiya ce. Ya ce shi da yake shiga ruwa kullum, akwai inda a da jirgi biyu ke wucewa kafaɗa da kafaɗa, yanzu sai ya sa lauje yake samun hanya. Kifi ya ragu, tsuntsayen jan baki kuma a cikin kachalar suke kwana su fito su cinye gero da shinkafa. Ya ce in za a yi gayya, a raba ta biyu: masu ƙasa su hau jinga, masunta da jiragensu su shiga bakin mashigin da ke ƙasa da gari su sare kachala, a jawo ta waje a tara a tudu. A sare ta a ƙarƙashin ruwa, don in an yanke ta a sama kwana kaɗan take sake tofowa. In ba a buɗe wa ruwa inda zai fita ba, ko jinga ta kai tsayin soro zai nemi wani wurin.

Sannan ya ce akwai maganar da kowa ya sani amma ba wanda ya faɗa. Ruwan da muka tare ba ɓacewa yake yi ba, tsallake yake komawa. Mutanen ƙauyen tsallake 'yan uwanmu ne, muna auratayya, kasuwarmu ɗaya, gawarsu muna binnewa tare. Duk taƙi ɗaya da muka ƙara wa jingarmu, a gonakinsu yake sauka. Ya ce a ƙasar nan an sha jin inda mutanen wani gari suka bi dare suka fasa jingar maƙwabtansu don su ceci nasu, aka wayi gari da sanduna da gaba ta shekaru. Ba ya so ya ga haka a ƙarshen rayuwarsa. Kafin a ɗora buhu ɗaya, a je a gaya musu, a ji ta bakinsu. In da hali a yi gayyar tare, Asabar ɗaya a namu, Asabar ɗaya a nasu.

Baba Hedimasta:
Ka gaida min Sarkin Ruwa, ka ce masa ya faɗi abin da ya fi duk abin da muka faɗa nauyi.

Mai Shago:
Ni fa a nan ban gane ba. Da kuɗinmu da ƙarfinmu za mu je mu gina wa wasu? Su me ya hana su tashi? Kowa ya tsare gidansa mana.

Ɗan Sarkin Ruwa:
Yaya, Baba ya ce a tambaye ka, in tasu ta fashe ruwa ya cinye su, gidan wa za su kwana? Ya ce a 2022 ɗakin ƙanwar mahaifiyarka da ke aure can a jirginsa aka kwashe shi.

Mai Shago:
Haka aka yi. Allah ya saka masa. Amma dai a tabbatar su ma za su fito ranar tamu.

Ɗan Fatakwal:
To ai wannan ma ya ƙara ƙarfafa maganata. In kowane gari zai ɗaga tasa jingar, wanda ya fi kuɗi da samari shi zai tsira, raunana su sha ruwa. Daga Ringim zuwa Miga, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma har Guri kogi ɗaya ne. Dole sai hukumar da ke ganin kogin gaba ɗayansa ta tsara. Hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are don haka aka kafa ta. Takardar da nake cewa, kada ta zama ta garinmu kaɗai. Bulamanmu da na tsallake da duk na jerin nan su sa hannu, a bi ta wajen Hakimi, a kai kwafi ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli da hukumar kogunan. Takardar gari ɗaya ana iya sa ta a durowa, ta gari goma da hatimin masarauta tana da wuyar ɓatarwa.

Baba Hedimasta:
Yanzu ka zo inda nake so. Zan rubuta da hannuna in Allah ya yarda. A nemi abu takamaimai: a turo injin yashe kogi zuwa mashiginmu kafin Agusta, a kuma riƙa sanar da masu unguwanni da wuri in ruwa ya taso daga sama. Kada a cika ta da koke-koke.

Injiniya:
Salam. Ina wurin aiki ne sai yanzu na duba. Tunda dai za a yi, a yi shi yadda zai tsaya. Abin da na gani bara shi ne ana cika buhu fam a ɗaure baki a jefa. Buhun da aka cika ya yi tauri ba ya kwanciya a kan ɗan uwansa, ruwa ta tsakaninsu yake bi. A zuba ƙasa rabi ko ta ɗan haura rabi, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar yadda magini ke jera bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa biyu, kowane layi a tattake shi sosai kafin a ɗora wani. Gindi ya yi faɗi, wajen ninki uku na tsayin da ake so. Jinga siririya mai tsayi ita ce ke fara kifewa.

Kada a haƙi ƙasa a gindin jingar, ko ta ciki ko ta waje, wannan raunana ta ake yi. A ɗebo daga nesa, kuma ina goyon bayan Anti, ramin bayan makaranta a bar shi haka, in an samu sarari ma a cike shi. Buhun leda rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, don haka a rufe shi da ƙasa, a dasa jema a jikin gangaren. Saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai tana riƙe ta, kuma ga ta nan a fadama kyauta.

Abu na ƙarshe, a kafa turke a bakin kogi a yi masa zane da fenti, a sa yaro ɗaya ya riƙa duba shi safe da yamma yana sanarwa a nan. Muna da 'yan gari a Wudil da Ringim, ruwan ta wajensu yake fara wucewa kafin ya iso mu. In sun ga ya taso su yi magana. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa (NiMet) ke fitarwa farkon shekara da na ambaliya da hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa (NIHSA) ke fitarwa suna da amfani, amma ba za su gaya maka daren da zai shigo unguwarku ba.

Direban Wudil:
Kullum ina kan gadar nan. Na ɗauki wannan.

Sarkin Samari:
Injiniya, wajen mashayar fa? Ko mun gyara, shanu za su sake tattake shi cikin wata guda.

Injiniya:
Ba za ka hana shanu shan ruwa ba, kuma bai kamata ba. A bar musu mahaya guda, a yi mata gangare mai sauƙi a shimfiɗa dutse ko fasassun bulo. Amma wannan sai an zauna da Arɗo, su suka san inda shanunsu ke bi.

Malam na Islamiyya:
Arɗo yana zuwa Juma'a a nan. Zan tare shi bayan salla. Su ma rugarsu a 2022 ba ta tsira ba, ba na jin za su ƙi.

Sakatare:
To jama'a, ga inda na fahimci an tsaya, wanda ya ga na tsallake wani abu ya gyara min. Littafin bara zai shigo nan yau da daddare, a kuma karanta shi ranar Juma'a. Dubu biyu tana nan ga mai hali, gidajen da Anti ta ambata an ɗauke musu, ita da Hajiya za su ba ni sunayen a ɓoye. 'Yan uwa na waje, abin da Allah ya hore. Baba Hedimasta zai rubuta takarda. Ranar gayya ba zan sa ba tukuna sai an dawo daga tsallake, don in sun yarda a yi tare, da su za a tsayar da rana.

Ɗan Fatakwal:
Na tura nawa da na gidan mahaifiyata, Kawu Ma'aji ka duba. Amma Malam Sakatare ina roƙo, ranar da aka kai takardar a sa a buga mata hatimin karɓa a kwafinmu, a ɗauki hoto a sa a nan. Bayan sati biyu zan tambaya, kada a ce na cika naci.

Ma'aji:
Ya shigo. Allah ya ƙara buɗi.

Anti Nas:
Maganar mace a kwamiti fa, Malam Sakatare? Ban gan ta a lissafinka ba.

Sakatare:
Tana nan Anti, sai na ji daga bakin Bulama. Ku dai ku tsayar da wadda kuke so kafin magariba.

Hajiya Uwar Adashi:
Mun tsayar. Biyu muke so, ba ɗaya ba.

Ɗan Sarkin Ruwa:
Baba ya ce masu zuwa tsallake su same shi a mashaya gobe bayan asuba. Jirgin mutum shida yake ɗauka, kuma a zo da goro.